Gidan Da Ba Shi Da Katanga

A Daura, in za a nemi aure, sai an aiki babba ya je ya ga gidan su yarinya. Ya dubi zaure, ya dubi katanga, ya ƙirga rumbuna da ido, sa'an nan ya tambayi maƙwabta. To, yaya za a yi da gidan da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan?

Abin ya taɓa faɗa wa wani ɗan koli mutumin Daura, 'yan shekaru kafin a tare kogin Kwara a Kainji. Ƙanensa ya tafi cin rani Yelwa, ta ƙasar Yawuri, sai ya aiko da takarda wai ya ga matar aure. Tsohuwarsu ta ce wa babban ya je ya gano mata. Ya bi mota ta Funtuwa da Kwantagora har Yelwa. Da ya ce a kai shi gidan surukai, ƙanen ya wuce da shi ta kasuwa, suka gangara bakin ruwa, ya nuna masa wani dogon jirgi a ɗaure.

Mutanen Sarkawa ne, masunta, Musulmi, Hausarsu ba gargada. Jirgin nan shi ne ɗakinsu, shi ne zaurensu. An kafa rumfar tabarmi a tsakiya, inda uwargida da 'ya'ya mata su ke kwana. A baya akwai murhu, an daɓe ƙarƙashinsa da yumɓu don kada wuta ta ci katako. Taru da mamari suna gaba, a nan maigida ya ke shimfiɗa buzunsa. Mutum bakwai, har da kaza, kowane abu da wurinsa, domin wanda ya ajiye ƙwarya barkatai gobe sai ya neme ta a Busa.

Baƙo ya yi sallama daga tudu, ya ƙi shiga. Kada mai karatu ya yi masa dariya. Mutumin da ya girma yana jin labarin rijiyar Kusugu, wadda a ka ce dā sai ran Juma'a a ke samun ɗibar ruwanta, ba laifi in ya ji tsoron ruwan da ya ke wucewa dare da rana ba mai tsaronsa. Sai da tsohon ya ce, "Shigo, ɗana, ba a gaisawa da suruki daga ƙofa," sa'an nan ya tattare rigarsa ya taka.

Bayan an ci tuwo da miyar giwan ruwa, ya ce, "Baba, a gafarce ni. Me ya sa nan ku ke, ga kogi da faɗi?"

Tsohon ya nuna masa dalili ɗaya ɗaya. Wurin lungu ne, gaɓa ta kare shi daga iskar hadari. Ƙasan yashi ne, turke yana kamawa. Kasuwa na kusa, da safe uwargida ta kai banda ta sayo dawa. Ga masallaci ana jin kiran salla, ga malamin da yara su ke kai allo wurinsa. Kuma Kwara sau biyu ta ke cika a shekara: da damina, da ruwan sama na ƙasashen kusa, sa'an nan da hunturu, sa'ad da ruwan duwatsun Gini ya iso bayan tafiyar watanni. Kowace cika sai a sake turke. Ɗan koli ya lura duk abin da ubansa ya duba kafin ya kafa gida a Daura, shi tsohon nan ya duba, sai dai shi yana sake dubawa kullum.

Saura tambaya guda, wadda ya san tsohuwarsa ita za ta fara yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In an yi rasuwa fa?"

Tsohon ya nuna tudu da haɓa. "Can ubana ya ke, can 'ya'yana biyu. Mu kan bi kifi wata uku, wata huɗu, amma nan mu ke komowa. Wa zai bar su?"

Ya koma Daura. Tsohuwa ta ce, "Suna da gida?" Ya ce, "Suna da maƙabarta, Inna, suna da malami." Ta yi shiru, can ta ce a sayi goro.

A shekarar 1968 a ka gama madatsar Kainji, ruwa ya hau ya zama tafki. Tsohuwar Busa ta nutse, a ka ta da mutane fiye da dubu arba'in daga tsibirai da gaɓa a ka sake musu mazauni. Lungun nan ma ruwa ya shafe shi. Tsohon bai yi asarar katanga ba, ya zare turkensa ya matsa gaba, ya nemi inda zai riƙa hangen tudun nan.

Amarya kuwa an kawo ta Daura. An ce ta yi kwana bakwai ba barcin kirki, wai ɗakin ya cika tsayawa wuri ɗaya. Ran da ta fara zuwa rijiya, ta zura guga, ta ga tsawon igiyar da ta shige kafin a ji ya taɓa ruwa, sai ta juyo ta tambayi uwar mijinta ko a nan kowa haka ya ke sha.