Vinikilang: Gini Tsakanin Rana Da Ruwan Binuwai

Matafiyin da ya bar Jimeta ya nufi arewa, da zarar ya ƙetare gadar Kogin Binuwai, Vinikilang ce za ta yi masa maraba. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Girei, a bakin babbar hanyar da ta tafi Song da Gombi da Mubi, kuma ta nan ɗalibai ke bi zuwa Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981. Da Jimeta ta cika ta batse, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta ƙetarowa suna gina gidaje da makarantu da shaguna.

To, gini a wannan wuri yana da abokan gaba guda biyu, watau rana da ruwa. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kwanon rufi ya gasa duk wanda ke ƙarƙashinsa. Ruwa kuwa, mutanen bakin kogi ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru.

Abin da zai fara jan idon baƙo a yau shi ne farantan sola a bisa rufi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 janareto ya zama sai mai hali, rana kuwa kyauta take fitowa. Ita ce ke tura ruwan rijiyar burtsatse zuwa tanki, ta kunna fanka, ta haska masallaci da asuba da abin da batir ya tara jiya.

Amma a ganina, na'urar da ta fi cancantar yabo ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi ƙwallon yara ba. Cikin tanki ake rataye ta tana yawo a kan ruwa. In tanki ya cika sai ta kashe famfo da kanta, in ruwa ya ja baya ta sake kunna shi. Mai karatu ya san yadda tanki kan cika ya yi ta zuba babu mai lura, ruwan ya bi bango, ya jiƙa tushen gini, siminti ya ɓare, gansakuka ta fito. Shekaru kaɗan sai ka ji ana neman magini, alhali kuwa kuɗin wannan 'yar na'ura bai kai na gyaran bango ɗaya ba. Mita mai kati ita ma ta koya wa masu gidajen haya lissafi, domin wanda ke ganin kuɗinsa na raguwa a gilashi ba ya barin ƙwan lantarki a kunne da tsakar rana.

A manyan benaye na Dubai da Landan, kwamfuta guda ce ke lura da sanyin kowane ɗaki, ta kashe wuta inda babu kowa. Vinikilang ba ta kai nan ba tukuna, kuma ba shi ne abin da ya fi damunta ba. Matsalarta ita ce kulawa bayan mai haɗawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Batir ba ya shiri da zafi. Wanda aka kulle a ɗaki marar iska zai mutu tun kwanansa bai ƙare ba. A unguwannin da ke kusa da kogi, wajibi ne a ɗaga shi sama, shi da inbata, kada a ajiye su a ƙasa inda ambaliya za ta fara isa. Farantan kuwa a karkata su kaɗan su fuskanci kudu, yadda ruwan sama zai riƙa wanke su.

Da damina ke nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu babu ruwan da zai wanke su, hazo ne kawai ke zuba ƙura, wutar da suke bayarwa ta yi ta raguwa, mai gida ya ɗora wa mai haɗawa laifi. Maganin bai wuce tsani da bokiti da tsumma mai laushi ba, da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi.