Ginin Ƙasa Ba Abin Kunya Ba Ne: Ziyara Masallacin Juma'a Na Zariya

 Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba. Ku ɗauko gyalenku mu tashi daga Dandin Mahe, mu ratsa ƙasar Bodinga inda Sifawa take, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Daga Sakkwato sai Gusau, sai Funtuwa, sai birnin Zariya, dab da fadar Sarkin Zazzau.

Har zuwa 2023, daga waje ginin siminti ake gani, har mutum ya ce ina abin kallo a nan? Ke dai yi haƙuri. A lokacin, a cikin cikinsa tsohon masallacin yake, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu, da ake kira Muhammadu Durugu, ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har gobe akwai unguwar Babban Gwani a birnin.

A wancan lokacin, abin da kan fara tarbar mai shiga shi ne sanyi, ko da ana tsakar bazara, don kaurin bango ba ya barin zafi ya ratsa. Ginshiƙai ne jibga-jibga, an yi masu zane mai zurfi da hannu tun ƙasa tana ɗanya. Daga jikinsu bakan gizo ke tasowa, ya lanƙwasa ya tarar da ɗan uwansa a sama, su taru su ɗauki tuluwar rufi. Can gabas ga mihirabi inda liman ke tsayawa. Wallahi ba ƙarfe ko ɗaya a cikin bakan nan! Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ake jerawa gaɓa-gaɓa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa. Bango kuwa tubali ne busasshen rana. Magina kan shafe irin wannan gini da makuba ta ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya ci shi.

A da har da zaurukan shiga, da wurin alwala, da zauren shari'a. A shekarun 1970 aka kewaye masallacin da sabon gini, wasu sassan suka tafi. Mai son ganin kamanninsa na asali sai ta je gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwatankwacinsa. Hatta Turawan mishan 'yan Ingila, da za su gina cocinsu a Wusasa a 1929, ginin ƙasa irin namu suka zaɓa.

To, 'yar uwa, mu fa? Saurayi na zuwa zance sai a tambaya, gidansu na bulo ne ko na ƙasa? A ƙauyukanmu da an samu kuɗi sai a rushe tsohon masallaci a aza kwano, a wuni ana fifita. Maginan da suka iya bakan gizo suna tsufa, yara ba su koya.

Ginin ƙasa kulawa kawai yake so: yaɓe kafin damina, da gyaran indararo. In kin koma gida, dubi rufin soron kakanki da kyau, ki tambayi sunan wanda ya gina shi tun akwai mai ba ki amsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.