Igiyar Caji Ta Ci Mana Kwana Biyu

Makon jiya a shagonmu na nan Mubi, na'urarmu ta 3D, Ender 3 V2, ta ƙi gaisawa da kwamfuta. Ga wani tela yana jiran ɗan haƙorin roba na keken ɗinkinsa, sallah kuma ta matso. Muka sake saka manhajar CH340, muka saita saurin a 115200, shiru. Har mun fara zargin janareta ya ƙona mana allon. Ashe igiyar USB ɗin da yaronmu ya ɗauko ta caji ce zalla, ba ta ɗaukar bayanai. Muka jona wata tsohuwar igiya, nan take ta kama. Telan ya karɓi kayansa ranar Alhamis, yana ta mita, kuma da gaskiyarsa.