Yadda Muka Rufe wa Auta Baki

Shekarar da 'yar autata ta cika bakwai ce ta daina amsa mini magana da Hausa. Ji kam tana ji sarai. In na ce ta ɗauko mini buta sai ta ɗauko, in kakarta ta aike ta wajen mai ƙosai ba ta ɓata saƙo. Amma duk abin da zai fito daga bakinta da Faransanci yake fitowa, alhali a unguwar Briqueterie ta Yawunde aka haife ta, inda ba ka wuce gida uku ba ka ji ana ciniki ko ana gaisawa da Hausa ba. Na ɗora laifin a kan makaranta da talabijin, kamar yadda kowane uba a unguwar nan yake yi, na kuma yi kusan shekara ina jin daɗin wannan uzuri.

Wata Asabar da yamma muna zaune da baƙi a zaure sai ta leƙo ta ce, "Baba, Hajiya ya ce ka zo." Kafin ta rufe baki na ce, "Ta ce! Hajiya namiji ce?" Zaure ya kaure da dariya, wani daga cikin abokaina ya ce ga Bahaushiyar Yawunde nan. Ta sunkuyar da kai ta koma ciki. Ba a yi awa guda ba aka kira ta ta karanta wa baƙin haddar Faransanci da aka ba su a aji. Ta karanta tas, aka tafa mata, wanda ya yi mata dariyar nan ya zaro sefa 500 ya danƙa mata. Da dare na kasa barci. Ni malamin firamare ne, kuma abin da na gani a zaurena darasi ne da na taɓa haddacewa a makarantar horon malamai, na rubuta a jarrabawa, na ci, na manta.

Darasin ya samo asali ne daga Amurka. A 1898 wani mai bincike, Edward Thorndike, ya riƙa kulle kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Kyanwar takan yi ta kokawa har ta dace ta taɓa abin da ke buɗe ƙofa. Da aka yi ta maimaitawa, sai lokacin da take ɗauka kafin ta fita ya riƙa raguwa. Daga nan ya ce duk aikin da sakamako mai daɗi ya biyo bayansa, mai shi zai fi komawa gare shi. B. F. Skinner na Jami'ar Harvard shi ya faɗaɗa wannan magana. Ya sa ɓera a akwati mai ɗan ƙarfe a jikin bango, in ɓeran ya danna sai ƙwayar abinci ta faɗo, kuma ya tattara sakamakon bincikensa a littafin da ya fitar a 1938. Abin da masana ke kira ƙarfafa hali ta hanyar sakayya ke nan: a yi wani abu, a samu wani abu a bayansa, sai yin abin ya ƙaru.

Akwai wani ɗan sharaɗi a nan da na daɗe ban gane nauyinsa ba. Ba mai bayarwa ne ke yanke abin da ya zama sakayya ba, halin wanda aka bai wa ne ke nunawa. In ka bai wa yaro alewa bai ƙara yin abin ba, to alewa kawai ka bayar. In kuwa tsawar da kake yi masa ita ce kaɗai lokacin da kake duban fuskarsa a yini, tana iya zama ita ce ladan da yake nema, ya ƙara ɓarna don ya samu. Na ga haka a aji sau ba adadi. Sannan sakayya tana son gaggawa. A gwajin dabbobi jinkirin 'yan daƙiƙoƙi ma yana rage mata ƙarfi, balle alkawarin keke a ƙarshen shekara ga yaro ɗan bakwai.

Da na auna gidana da wannan ma'auni sai na ji kunya. Duk lokacin da yarinyar nan ta buɗe baki da Hausa, gyara ne ke biyo baya ko dariya. In ta faɗi daidai kuwa, shiru, domin a ganinmu ai wajibinta ne. Mu Hausawa muna da alkunya a kan 'ya'yanmu, muna cewa ka ƙi naka duniya ta so shi, uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane. Ban raina wannan tarbiyya ba, ita ta raine ni. Amma mun keɓe wa Faransanci wata ƙofa a cikinta: shi kaɗai ake yi wa tafi, shi ake nuna wa baƙi. Yaro kuwa ba wawa ba ne, ya san inda riba take.

Na san an yi wa Skinner raddi a kan harshe. Ya rubuta littafi a 1957 yana neman bayyana magana da wannan ƙa'ida tasa, Noam Chomsky ya mayar masa da martani mai zafi a 1959 cewa lada da horo ba su isa su bayyana yadda yaro ke ƙirƙiro jimlar da bai taɓa ji ba. A ganina Chomsky yana da gaskiya a nan. Sai dai ni damuwata ba yadda nahawu ke shiga kan yaro ba ce. Nahawun yana can cikin kan 'yata. Damuwata ita ce ko za ta yarda ta furta shi, kuma a wannan fage maganar Skinner tana aiki.

Abu na farko da na yi shi ne na kama bakina. Skinner ya koya wa tattabara juyawa da'ira cikakkiya, ba ta hanyar jiran ta yi juyin gaba ɗaya ba. In ta ɗan karkata kai hagu sai ya ba ta tsaba, daga baya sai ta karkata fiye da haka kafin ta samu, har juyin ya cika. Haka na yi. In ta jefa kalmar Hausa ɗaya tak cikin jimlar Faransanci, sai in ajiye wayar da ke hannuna in dube ta in amsa abin da ta ce. In ta ce "Hajiya ya tafi kasuwa," sai in ce, "Af, Hajiya ta tafi? Me za ta sayo mana?" Gyaran ya shiga, ba wanda ya ji ciwo. Mai wuyar ita ce shawo kan mahaifiyata, wadda take ganin tsokanar jika haƙƙinta ne da Allah ya ba ta. Na ce, "Hajiya, ki tsokane ta a kan komai, amma ban da bakinta." Ta harare ni, amma ta bari.

Sai kuma na yi wauta. Ganin abin yana tafiya, na ce duk ranar da ta yini tana yi mini Hausa zan ba ta sefa 100. Sati biyu abin ya yi kyau ƙwarai. A na uku ta tare ni a ƙofa ta tambaye ni, da Faransanci, ko yau akwai kuɗi, don ta san yaren da za ta yi. Na mayar da harshen uwarta aikin ƙodago. Wannan ma an riga an gano shi. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa sun yi gwaji da ƙananan yara masu son zane a wata makarantar raino ta Jami'ar Stanford. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu aka ba su ita ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan kwanaki aka bar su su zaɓi abin wasa da kansu, waɗanda aka yi wa alkawarin nan kusan rabin lokacin da sauran suka yi suna zane suka yi. Ladan da aka sharɗanta ya cinye sha'awar. Na janye kuɗin, muka yi kwanaki ana fushi, Hausar ta ja baya kafin ta dawo.

Abin da ya riƙe ta a ƙarshe ba daga hannuna ya fito ba. Akwai wani dattijo mai tsire a kan layinmu. Wata rana da daddare na tsaya nesa na bar ta ta saya da kanta. Ta durƙusa kaɗan ta ce, "Baba, ina wuni? A ba ni na ɗari biyar." Ya ɗago ya dube ta, ya tambaye ta 'yar gidan wa ce, ya yanko gyara ya ƙara mata da albasa. Ba kullum yake ƙara mata ba, wani lokaci sai a yi sati bai yi ba. Skinner da Charles Ferster sun nuna a 1957 cewa halin da ake saka wa jefi-jefi, ba tare da an san ranar ba, ya fi wuyar mutuwa. Wannan ce ƙa'idar da ke ɗaure ɗan caca, ita ce kuma ta sa 'yan kasuwarmu suka daɗe da sanin amfanin gyara. Yanzu ba ta yarda a aiki yayyenta wajen mai tsiren nan.

Shekararta tara yanzu. Har yau in ta yi fushi da Faransanci take yi, kuma lissafi ba ta iya shi da Hausa ba. Jiya da safe na ji su a tsakar gida, Hajiya tana ce mata, "Kishiyata, wa ya shanye mini koko?" Ita kuma ta ce, "Mijinki ne, ni ban gani ba." Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ina daga ɗaki, ban fito ba.