Hadari Da Ɓarnarsa

Manomi ba shi da abin roƙo da ya wuce ruwan sama, amma duk da haka in hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, sai ka ga hankalin mai gida ya koma kan rufin ɗakinsa. Ni aikina rubutu ne a ofis, kowace damina kuwa a kan aike mu ƙauyuka mu rubuto ɓarnar da iska da ruwa suka yi. Abin da wannan aiki ya koya mini shi ne, yawancin ɓarnar da a ke gani da damina, tun da rani a ke shuka ta.

Bari mu fara da ƙasarmu. Iskar da ta ke ɗauko mana laima daga teku ta ke tasowa, watau kudu maso yamma, amma hadarin kansa daga gabas ya kan haɗo ya nufi yamma. Shi ya sa bangon gabas ya fi kowane bango cin yaɓe. Da bazara iska ce abin tsoro. Ta kan zo da jar ƙura a gaban ruwa, ta yaye jinka, ta ɗauke kwanon da ba a kafa shi da kyau ba, kwano kuwa in yana tafiya a iska ba shi da bambanci da wuƙa. A watan Agusta sai marka ta sauka, a kwana biyu ko uku ana yayyafi. Soron da ba a gyara ba ya yi ta shan ruwa, in gara ta riga ta ci azara, sai ya rufta, sau da yawa ma da dare mutane na barci. Can ƙarshen damina kuma iska ko ƙanƙara ta kan kwantar da gero da dawa, saura kaɗan a girbe.

A takardarmu mu kan rubuta ɗaki nawa ya faɗi, rumbu nawa ya jiƙe, akuya nawa ruwa ya ci. Amma akwai asarar da ba ta shiga takarda. Ran da ruwa ya karya gada, kasuwa ba ta ci, mai tumatir ya zuba wa kayansa ido suna ruɓewa. Mai koko ba ta sami busasshen itace ba, ɗan dako bai sami kaya ba, su kuwa abin da suka samu yau shi za su ci yau. Mace mai naƙuda tana wannan ƙetare, asibiti yana wancan. Makaranta ta kan zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe, yara su zauna gida. Bayan kwana kaɗan, in ruwan masai ya malala cikin rijiya, sai amai da gudawa su ɓarke, sauro kuma ya ƙyanƙyashe a duk inda ruwa ya kwanta.

To, kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ne. Kowace ƙasa da irin nata hadarin. Agadas gari ne na bakin hamada, inda ruwan shekara duka bai taka kara ya karya ba, amma a farkon Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta cika ta fasa shingenta, ta shiga gari ta narkar da gidajen ƙasa masu yawa. A ran 1 ga wannan wata kuma aka zuba ruwa wajen inci 10 a Wagadugu cikin yini guda, watau kusan sulusin abin da su kan samu a shekara, har babban asibitin birnin sai da aka kwashe majinyata. A gabas da mu, mutanen Hartum sun saba da iskar ƙura da su ke kira habub, wadda ta kan tare rana har a kunna fitila da tsakar yini. Amma a Agusta 1988 ruwa ne ya same su, ya raba mutum fiye da 1,000,000 da muhallinsu. A cikin wannan wata ne madatsar Bagauda ta ɓalle a kudu da Kano. Mutanen Maiduguri kuwa sun gani sau biyu, gama madatsar Alau ta sako musu ruwa a 1994, ta kuma ɓalle ran 10 ga Satumba 2024. Ruwa ya shiga babbar kasuwa da asibiti da gidan kurkuku, aka koma yawo da kwalekwale a titunan da motoci su ke bi.

Masu zama bakin teku nasu ya fi namu tsanani, domin guguwarsu a kan teku ta ke haɗuwa, ta turo ruwan gishiri kan gonaki da garuruwa. Ƙasar Bangaladash, wadda a da a ke kira Pakistan ta Gabas, shimfiɗaɗɗiyar fadama ce a bakin teku. A Nuwamba 1970 irin wannan guguwa ta kashe mutum wajen 300,000 a can. A 1991 wata ta kashe wajen 138,000. Mutanen nan ba su da ikon tsayar da iska, amma suka gina mafaka masu ƙarfi a kan dogayen ginshiƙai, suka kuma koya wa 'yan sa kai su bi ƙauyuka da lasifika suna shela tun guguwa ba ta iso ba. Da wata babba ta zo a 2007, waɗanda suka rasu bisa ƙidayar hukuma ba su kai 4,000 ba. Wannan labari shi ya fi tsaya mini a rai.

Kakanninmu ma sun san wannan dabara. Su kan kafa gari a kan tudu, su bar wa ruwa kwarinsa. Kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini su ne su ke shanye ruwan unguwa. Kafin ruwan fari ya sauka an riga an shafe soro da makuba ko laso, an gyara indararo, an yi gayya an yashe magudana. Yanzu kuwa an cike kududdufai an yi gini a kai, an yanka filaye a hanyar ruwa, kwalbati ya toshe da leda. Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko bayan shekara 30 ne sai ya dawo ya neme ta.

Saboda haka ga shawarata. Mai gida ya duba azararsa da kusoshin kwanonsa tun da rani. A ɗaga gindin rumbu, a ɗaure bakin rijiya, a nisanta ta da masai. Kada a sayi fili a kwari domin arha, gama arha ba ta ado. In ana tsawa kada a fake gindin itace. Hukuma kuma ta dinga duba madatsun ruwa da gadoji kafin damina, ta faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ta gani.

Ku da kuka koyi karatu kuna da naku rabon aiki. Hukumar kula da yanayi ta kan ba da hasashen damina tun farkon shekara, a kan kuma aiko da gargaɗi ta rediyo da wayar hannu. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa, ya kai wa mai unguwa da liman. Malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da sharrin iska da ruwa, amin.