Ranar da na zaci malama ta yi mugun baki

A shekarata ta farko ta koyon Sifaniyanci a Yamai, wata rana abokin zamana bai zo aji ba. Malama ta dubi gurbinsa ta ce: estará enfermo. Ni kuwa na riga na hardace cewa estará lokaci mai zuwa ne, wato "zai yi rashin lafiya". Gabana ya faɗi. Wace irin malama ce za ta yi wa yaro baki da sanyin safiya? Na kwana biyu ina ƙullace da ita.

Ashe "ƙila ba shi da lafiya" take nufi. Wannan siga da littafi ya kira ta gaba, mutanen Sifaniya suna yin kintace da ita a kan abin da ake ciki yanzu. In aka tambayi ƙarfe nawa, aka ce serán las tres, ana nufin "zai kai ƙarfe uku". Dubi yadda mu ma "zai" ɗin muka ɗauko, amma ban lura ba sai da na sha kunya.

To, ina ainihin gobe? A bakin jama'a, musamman a Latin Amurka, an fi jin voy a comer, kalma da kalma "ina tafiya ga ci". Nan ma mun yi canjaras, domin "za" na "zan ci" ɗan'uwan "za" na "za ni kasuwa" ne. Idan kuma magana ta zauna daram, sai su yi amfani da lokacin yanzu kawai: mañana salgo, gobe ina tafiya.

Inda na fi shan wuya shi ne bayan cuando. Faransancin da muka taso da shi a makaranta yana cewa quand je viendrai, sai hannuna ya riƙa rubuta cuando vendré, jan biro kuma ya riƙa bin sa, har maki ya zube mini a jarrabawa. Daidai shi ne cuando venga. Da Hausa na tuntuɓa da ban faɗa ramin ba, don mai alkawari cewa yake "idan na zo, ma gana", ba ya sa "zan" a wurin.

Abokin nawa ya dawo ranar Litinin. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi.