Yadda Kacalla Ta Tare Ruwa Tsakanin Haɗejiya Da Nguru

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru.

Wanda ya ratsa ƙasar nan cikin kwalekwale zai ga abin mamaki. Wani gari ruwa ya cinye gonakinsa, wani kuwa mashigin da ke ba shi ruwa ya ƙafe ƙaf.

Ga dalili. A da kogin Haɗejiya ya kan yi ambaliya da damina, ya janye da rani. Da ambaliyar nan ne tarwaɗa da karfasa da bargi su ke hawa fadama su yi ƙwai, 'ya'yansu su yi ƙwari, sa'an nan su komo kogi. To, da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana kaɗan kaɗan, rani da damina, ƙasa ba ta bushewa. Abin da ciyawar nan kacalla ta ke so ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta yaɗu, ta tara laka, ta toshe tsohon kogin da reshensa na Burum Gana, har yawancin ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Kifi ya ragu, tsuntsun nan jan baki kuwa ya sami maɓuya, yana ta ɓarnar gero da shinkafa.

Mutanen ƙasar sun sha fita gayya suna saranta, amma sara kaɗai ba ya maganinta. A ganina abu uku ya kamata a haɗa. Na ɗaya, a yanke ta ƙarƙashin ruwa, domin in kututturenta ya rasa iska sai ya ruɓe. Na biyu, a yashe bakin kowane reshe inda kogi ya rabu, kowa ya sami rabonsa. Na uku, wanda ya fi duka, masu riƙe da madatsun su saki ruwa mai yawa da damina, su rage da rani, kogi ya koma bisa ɗabi'arsa.

Ina roƙon hukuma ta zauna da sarakunan ruwa da manoma da makiyaya kafin a sa hannu a aikin, gama su suka san hanyar da ruwa ke bi tun kaka da kakanni. Allah ya taimake mu, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Nguru.